Na'urar Da Ke Kiran Mai Gona Idan Matsala Ta Taso: Me Ke Cikin Akwatin?



Tun da zafi ya fara kankama tambaya ɗaya ke ta maimaituwa: wai na'urar nan da ake tallatawa, wadda za ta sa ido a ɗakin kaji ko kwamin kifi ta kira ka a waya in an samu matsala, gaskiya ce? Kuma me ke cikinta? Eh, gaskiya ce, tana aiki. Sai dai ba abu ɗaya ba ce. Kayayyaki ne biyar ko shida aka haɗa cikin akwati, kuma in ɗaya ya gaza sauran duk sun zama ado. To bari mu buɗe akwatin mu duba, domin ko saye za ka yi ko wani yaro mai ilimin lantarki ne zai haɗa maka, ka san abin da za ka tambaya.

Kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta yana kusan digiri 41, kuma babbar hanyar da take rage shi ita ce haki. Da zarar ɗaki ya doshi digiri 30 za ka ga sun fara buɗe baki, sun saki fukafukai, sun rage cin abinci. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi kuwa, a watan Afrilu zafin waje ma yakan haura digiri 40. Buroila mai sati biyar ko shida, ga nauyi ga cunkoso, in fanka ta tsaya da tsakar rana ba a buƙatar wuni guda kafin a fara kwasar gawa, kuma manyan da ka fi sa rai da su ne ke fara tafiya. Kifi nasa lokacin daban ne. Iskar oksijin da ke cikin ruwa tana yin ƙasa cikin dare, ta kai ƙarshen ƙarancinta gab da asuba, lokacin da mai gadi ke gyangyaɗi kai kuma kana gida. Abin da wannan na'ura ke sayo maka kenan: mintunan da ke tsakanin farawar matsala da mutuwar dabba.

Tsarin kansa mai sauƙi ne. Akwai sensa, wato abin da ke jin zafi ko laima ko tsayin ruwa. Akwai ɗan allon da ke karɓar abin da sensa ta ji ya yanke hukunci. Akwai hanyar aika saƙo ba tare da jan waya ba. Akwai jiniya. Duk waɗannan kuma a kan wuta suke zaune. Masu talla da sensa suke farawa, don ita ce ke burge mai saye. Ni da wutar zan fara.

WUTA

Ka tambayi kanka, mene ne ya fi jawo asara ba zato a gona? Ɗaukewar wuta, ko janareta ya mutu, ko batirin sola ya ƙare da tsakar dare. To in na'urar gargaɗin a wannan layin aka jona ta, lokacin da fanka ko injin hura iska ya tsaya ita ma ta tsaya. Ranar da aka saye ta dominta ita ce ranar da za ta yi shiru. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a kayan da ake haɗawa cikin gaggawa. Dole ta samu batirinta na kanta, wanda babu abin da ke sha a cikinsa sai ita. Ba cajin wayar mai gadi, ba ƙwan fitila.

Ga lissafi mai sauƙi. Ƙaramin batirin nan mai bolt 12 da 7Ah, irin na cikin UPS, a rubuce yana ɗauke da wat 84 na awa ɗaya. Amma batirin dalma in kana shanye shi ƙarƙaf kullum ba zai yi ƙarko ba, don haka ka ƙirga rabi, kusan 40. Idan na'urarka gaba ɗaya tana cin wat 2, kana da kamar awa 20 ba tare da caji ba. Ya isa dare guda da safiya. Ka haɗa masa ƙaramin faifan sola mai wat 10 zuwa 20 da ɗan kwantirola na caji, ka kuma tuna ƙurar hunturu tana rufe faifan, sai ana gogewa. Wasu suna amfani da batirin litiyam 18650, irin na cikin tocila da tsohuwar laftof. Yana aiki, amma na jabu ya cika kasuwa, kuma ba ya son zafi. Kar a manna shi a ƙarƙashin kwanon rufi.

Akwai wani ɗan abu mai arha da nake ganin ya fi sauran sensa duka amfani: mai gane an ɗauke wuta. Sau da yawa rile ne kawai, ko cajar waya da aka jona a layin gona. Muddin akwai wuta yana riƙe, tana tafiya ya saki, allo ya gane ya kira ka. Ba sai ka jira ɗaki ya yi zafi ba, tun daga tushen matsalar aka sanar da kai. Amma akwai wuta ba ya nufin fanka na juyawa. Fis na iya ƙonewa, kwandansan famfo na iya mutuwa. Maganin wannan shi ne wata sensa mai kamar matsefi da ake ɗamke waya ɗaya da ita, irin SCT-013, tana auna ko injin yana jan wuta da gaske. Waya ɗaya fa ake kamawa. In aka haɗa biyun a ciki ba za ta karanta komai ba.

SENSA A ƊAKIN KAJI

Ta zafi da laima ita ce ta farko. DHT22 ce aka fi samu, tana auna zafi da kuskuren da bai wuce rabin digiri ba. Ƙanwarta DHT11 ta fi arha, amma kuskurenta yakan kai digiri 2, ta wasan ɗalibai ce, kar a sa maka ita. In da hali SHT31 ta fi su duka juriya. Me ya sa ake auna laima? Domin haki yana sanyaya kaza ne ta hanyar ƙafewar ruwa. A busasshen zafin Maris da Afrilu hakin yana aiki, feshin ruwa ma yana taimakawa. A farkon damina kuwa, da iska ta cika da laima, digiri 33 zai iya yi wa kaji illar da ta fi ta 36 na rani, feshin kuma sai ya ƙara dagula lamarin.

Inda aka rataye ta ya fi sunanta muhimmanci. A daidai tsayin kan kaza za a sa ta, a tsakiyar ɗaki, ba a jikin bango ba, ba kusa da kwano ba, ba a gaban fanka ba. Dogon ɗaki yana son biyu ko uku, domin ɓangaren yamma da la'asar wata duniya ce daban. A wajen renon 'yan tsaki, satin farko ana neman digiri 32 zuwa 35 a inda suke, ana rage kusan digiri 3 kowane sati. Nan gargaɗin ta fuska biyu ake so, in ya yi sama da in ya yi ƙasa, domin gawayi na iya mutuwa da ƙarfe uku na daren Janairu su taru su danne juna.

Tun da an ambaci gawayi: duk mai reno da gawayi ko gas a ɗakin da aka toshe da leda, ya nemi abin gane hayaƙi da na gubar iskar gawayi. Wannan iskar ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe 'yan tsaki, tana kuma kashe yaron da ya kwanta a ciki don jin ɗumi. A nan ba na ba da shawarar a haɗa da hannu. A sayi wanda aka ƙera a kamfani don wannan aikin, mai batirinsa da ƙararsa.

Sai amoniya, warin kashin kaji mai yaji a ido. Ba a so ta wuce 25 ppm, kuma hancin wanda ke shiga ɗakin kullum yakan saba har ya daina ji. Ana amfani da MQ-137 ko MQ-135. Ka san halinsu kafin ka biya: akwai ɗan hita a cikinsu mai cin wuta dare da rana, sabuwa tana buƙatar kwana ɗaya ko biyu a kunne kafin ta daidaita, kuma tana amsa wasu iskokin da ba amoniya ba. Za ta iya nuna maka yau ya fi jiya, amma lambar da take bayarwa kar ka rantse da ita in ba a gwada ta da ingantaccen ma'auni ba. Amoniya ma ba gaggawar tsakar dare ba ce, matsalar jiƙaƙƙen ɓuntu ce da rashin iska. In kuɗi ya yi kaɗan, ita za a fara cirewa.

SENSA A RUWA

Ta zafin ruwa ita ce DS18B20, mai kan ƙarfe da doguwar waya. Tana da arha, kuma ana iya jera da yawa a kan waya guda, kowane kwami da tasa. Tarwaɗa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 26 da 30. Masu ƙyanƙyasa sun san abin da sanyin hunturu ke yi wa ƙwai da 'ya'yan kifi, masu tankin roba da na tamfol a fili kuma sun san yadda rana ke dafa ruwa.

Bayanta sai makunnin tsayin ruwa, ɗan ƙwallon nan mai iyo irin na tankin bohol. Ba shi da wata fasaha, amma shi zai tashe ka ranar da tamfol ya yage, ko aka manta bututun zubar da ruwa a buɗe. A ɗakin ƙyanƙyasa, inda ruwa ke gudu ba tsayawa, a sa ɗaya a tankin sama. Tankin na yin rabi a sanar da kai, kar a jira ya ƙafe.

Ma'aunin oksijin shi ne mai tsadar, kuma a nan ake yawan yaudarar mutane. Abin da ake so shi ne miligiram 5 a lita ko sama da haka, ƙasa da 3 kifi ya shiga wahala. Iri biyu ne. Mai ɗan tantani a baki da ruwan magani a ciki ya fi sauƙin kuɗi, amma sai ana canza tantanin da ruwan ana kuma sake saita shi. Mai aiki da haske ya fi hutu, ya fi tsada nesa ba kusa ba. Dukansu gansakuka na rufe su cikin 'yan kwanaki, in ba a wankewa ƙarya za su riƙa faɗa maka. To wa ke buƙatarsa? Babbar tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe wani kifin. Mai kiwon manyan tarwaɗa zai iya haƙura da shi, ya dogara da mai gane wuta da makunnin ruwa. Amma 'ya'yan da ba su yi ƙwari ba wannan gaɓar ba ta gama fitowa ba, karfasa kuwa ba ta da ita sam. Mai ƙyanƙyasa da mai karfasa da yawa a ƙaramin wuri, su ne kuɗin zai yi wa rana.

Na pH ma haka yake, kan gilashi ne mai son kulawa. Ana son ruwa tsakanin 6.5 da 8.5. Wannan da amoniyar ruwa, ga ƙaramin manomi, kayan gwaji na ɗigawa sau biyu a sati sun fi sensa mai arha gaskiya.

ALLO

Ba zan daɗe a nan ba. Yawanci ESP32 ne ko Arduino, ɗan allo da bai kai tafin hannu ba. ESP32 yana zuwa da WiFi a jikinsa. Ba shi ke ba da matsala ba. Abin dubawa shi ne yadda aka haɗa wayoyin. In ka buɗe akwati ka ga farin allon gwaji mai ramuka da wayoyi an soka kawai, aikin bai ƙare ba. A yi masa dalma ko a ɗaure da noti. Ka kuma tambaya: in allon ya daskare, zai tayar da kansa? Akwai wannan tsarin a cikinsa, sai dai ba kowa ke kunna shi ba.

HANYAR SAƘO

Hanya uku ce. WiFi ya fi sauƙi, amma zangonsa gajere ne, kuma rawutar ma wuta take so da data. In an ɗauke wuta ta mutu, saƙo ya maƙale. In da shi za a yi, rawutar ta hau kan batirin na'urar.

Ta biyu, wadda ta fi dacewa da yawancinmu, ita ce layin waya. Ana sa wani ɗan allo mai ɗaukar sim, kamar SIM800L. Shi 2G kaɗai yake kamawa, don haka a gwada a gonar tukuna, in babu a nemi mai 4G irin A7670 ko SIM7600. SIM800L yana da wani hali da ke wahalar da masu haɗawa: yana son bolt 3.4 zuwa 4.4, kuma lokacin aika saƙo yakan fizgi wuta har amfiya 2 cikin ƙiftawar ido. In wutar ba ta kai ba sai ya mutu ya sake tashi, daidai lokacin da zai kira ka. A tebur ana gwaji zai yi kamar lafiya lau. Yana buƙatar tushen wuta mai ƙarfi da babban kwandansa kusa da shi.

Ka nemi wadda ke yin kira, ba tes kaɗai ba. Tes yana iya makara, kuma ba ya tashin mai barci. Ta kira lamba ta farko, in ba a ɗauka ba ta wuce ta biyu da ta uku, sannan ta bi da tes mai bayani: wane ɗaki, digiri nawa. Ka ajiye lambar da ƙara ta musamman, ka kuma cire ta daga cikin waɗanda wayarka ke toshewa da dare. Sim ɗin kuma layi ne kamar kowane. A Najeriya sai an haɗa shi da NIN, sai da kati a ciki, kuma layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya rufewa. Kar ka zaɓi kamfani don shi kake riƙewa a gari. Ka tsaya a bakin ɗakin kajin ka ga wanne ke da sabis.

Ta uku ita ce LoRa, rediyo ne mai cin wuta kaɗan, yana aika ɗan ƙaramin saƙo har tsawon kilomitoci in babu abin da ya tare, ba sim ba data. Amfaninsa a gona mai faɗi ne: kowane ɗaki ko kwami da ƙaramin akwatinsa, duk suna aikawa zuwa babban akwati ɗaya a inda ake samun sabis, ko kai tsaye zuwa gidan mai gona in yana kusa. Ba ya ɗaukar hoto ko murya. Kuma ba a kunna shi babu eriya, yana iya lalacewa.

Maganar eriya, kwanon rufi da akwatin ƙarfe suna tare sigina. A fito da ita waje, a ɗaga ta sama.

JINIYA DA RILE

Sabis ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka rufe a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni a haka. Duk na'urar da ta dogara da sim kaɗai ta kurumce a wancan lokacin. Ko babu irin wannan, hadari ɗaya ya isa ya ɗauke sabis. Shi ya sa jiniya mai bolt 12 da fitila mai walƙiya dole ne, kuma su yi aiki ko da layi ko babu. Wanda ke kwana a gonar shi zai iya ɗaga labule ko ya tayar da janareta cikin minti biyu. Kai da ke gari sai dai ka yi ta buga waya. A kafa jiniyar kusa da ɗakin mai gadi, ba a cikin ɗakin kaji ba. Ƙarar ba zato tana firgita su su ruga lungu guda su danne juna, masu ƙwai kuma su rage yi.

Wasu suna so na'urar ta kunna famfo ko fanka da kanta. Ana yi, ta hanyar rile. Amma ɗan shuɗin rilen nan da aka rubuta wa 10A ba zai daɗe yana tayar da famfo ba, domin inji yana fizgar wuta ninki da yawa lokacin tashi, bakin rilen ya ƙone ko ya manne. Rile ya kunna kwantakta, kwantakta ta kunna inji. Wannan aikin mai wayarin ne da ya san hannunsa, musamman kusa da ruwa.

Na ɓarayi kuma, makunnin maganaɗisu a jikin ƙofa ya fi sensar motsi aminci. Sensar motsi zafin jiki take gani. Mage da ɓera na tayar da ita a banza, kuma a daren da iska ta yi zafi kusan na jikin mutum, ganinta yana raguwa.

Akwatin kansa a nemi na roba mai rufin IP65, wanda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga. Amoniya tana cin tagulla, ƙurar dusa tana toshe sensa, tururuwa da tsaka suna son ɗumin allo, ɓera kuma yana son waya. Wayoyin sensa su bi ta cikin bututu, ramukan shigarsu su kalli ƙasa a kuma toshe su. Doguwar wayar da ta ratsa fili tana jawo illar tsawa da damina, wannan ma dalili ne na amfani da rediyo tsakanin gini da gini.

Saura abu biyu da za ka nema a wurin mai haɗawa. Na farko, kar ta riƙa kira a kan kowane ɗan motsi. In zafi ya taɓa iyaka na daƙiƙa biyar ya sauka ta kira, cikin sati guda mai gadi zai zare wayar jiniyar, kai ma ka daina ɗauka. A sa ta jira minti biyu ko uku matsalar na nan kafin ta yi ƙara, ban da hayaƙi. Na biyu, ta riƙa turo saƙon "ina nan lafiya" kullum a lokaci ɗaya, misali bayan sallar asuba, da zafin ɗaki da ƙarfin batir a ciki. Na'urar da batirinta ya mutu da wadda komai ke lafiya a gonarta duk shiru suke yi, ta wannan saƙon kaɗai za ka bambance su. Haka nan in an cire sensa ko ɓera ya yanke wayarta, ta ɗauki hakan a matsayin matsala ta sanar.

Kafin ka cika kuɗi, a yi gwajin a gonarka, ba a shago ba. Kashe babban makunnin wuta ka ƙirga mintuna nawa kafin wayarka ta yi ƙara. Riƙe sensar zafi a tafin hannu, ko ka tsoma ta ruwa a kofin ruwan ɗumi kusa da ma'aunin zafi na hannu ka ga ko sun yi daidai. Danna ƙwallon ruwa ƙasa. Zare sim ka ga ko jiniya za ta yi kuka ba shi. Bar ta a kan batir kaɗai dare guda ka duba da safe. Bayan an kafa, a riƙa maimaita gwajin kashe wutar sau ɗaya a sati, da kuma kwana ɗaya kafin zuba sababbin 'yan tsaki ko 'ya'yan kifi.